Baƙon da Baba Ya Binne

Zuwa ga yayata, Lalla Ijja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga gida, tare da fatan takardar nan ta same ki lafiya lau, ke da ɗanki Hasan da matarsa da yaran duka. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya sa sanyin Beljiyam na bana ya zo da sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi. Matata Rƙiya na nan, likita ya hana ta sukari, ita kuma ta ce ba ta hana likita komai ba, don haka kowa ya tsaya a gonarsa. Shayinta har yau cokali na iya tsayawa a ciki. Matar ɗana Brahim ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata sunan Inna, Mammas. Goshin ma na Inna ne, har da ɗaure fuskar. Ɓauren bakin ƙofa ya yi 'ya'ya bana har reshe ɗaya ya karye, na shanya miki rabonki a kan soro, yana jiran wanda zai zo.

Za ki ce me ya sami wayar da har Iddir ya koma ga takarda. Wayar lafiyarta ƙalau. Amma kin san yadda muke yi: ki ce "me?" in ce "me?", sai Hasan ya karɓa ya tambaye ni ko an yi ruwa. Maganar da nake tafe da ita ba ta ihu ba ce. Ki sa jikarki Silya ta zauna ta karanta miki a hankali, in ta kai ƙarshe ta sake daga farko.

Tun ina ɗan makaranta nake jin wata jita-jita a kan Baba. Wai shekarar da ƙasa ta girgiza ta rushe birnin Agadir, ya hau kogon tantabaru da alfadari zai ɗebo baƙar ƙasar nan da muke zuba wa sha'ir, sai digarsa ta tono ƙoƙon kan mutum. Wai ya cire rawaninsa ya naɗe shi, ya sauko da shi gida a ƙirji, mangala wayam. Wai ya wanke shi da ruwan ɗumi, aka ɗinka masa likkafani, ya kira liman da mutum huɗu suka yi masa salla, aka binne shi a maƙabartarmu yana fuskantar alƙibla. Wai ke kika ɗinka likkafanin, daga farin mayafin Inna. Ina da shekara huɗu a lokacin, ban riƙe komai ba. A bakin matan da ke fasa ƙwallon itacen argan don tatsar mai na fara ji, sannan a bakin yara, da suke bi na suna cewa ga ɗan mai sallar ƙoƙo. Ban yarda ba. Ƙauyen da aka ce akwai aljana mai ƙafar akuya a wannan kogon, aka ce alfadarin Hammu ya taɓa yin magana ranar kasuwa, me ba za a faɗa ba? Sau ɗaya na tambayi Baba. Ya dube ni, ya dubi kofina, ya ce shayina na hucewa. Daga baya na zama malamin lissafi, na sa gilashi, na ƙara tabbatar wa kaina cewa abin da ba shi da shaida tatsuniya ce. Ke kuma kika yi aure kika bi mijinki ƙetare, ban taɓa tambayarki ba, don kada ki ce boko ya tashi a banza.

Kin tuna kogon kuwa? Ni idan na rufe ido warinsa nake fara ji, kashin awaki da tsohuwar toka. Ranar da ruwa ya kama mu a kan dutse muka kora awakin ciki, kika hura wuta a bakin kogon, kika gasa mana sha'ir ɗanye a kan faifan dutse, kika ce in na yi kuka aljanar za ta ji. Na haɗiye kukan har da sha'irin. Muna tsintar ƙananan duwatsun nan masu kaifi muna yanka igiya da su, in sun dakushe mu yar, tunda ga su nan birjik. Ba mu taɓa tambayar wa ya fere su ba. Abu ɗaya da na lura tun a lokacin, ban kuma ba shi ma'ana ba: kowa na ɗibar ƙasar kogon, ban da Baba. Sha'irinmu ya fi na kowa rama, Inna na mita, shi kuwa sai ya ce takin awaki ya ishe mu.

To, shekara uku ke nan wasu masu binciken tarihi daga Rabat suke zuwa kogon, su yi wata biyu su koma. Shugabarsu wata mace ce, Dakta Nazha, 'yar siririya, hular kaba a kai, ba ta kai Brahim shekaru ba amma in ta yi magana maza goma na tsayawa. Sun ja zare a ƙasa gida-gida, suna kankare ƙasar da ɗan cokali da buroshi, suna tankaɗe ta a rariya kamar garin biki. Samarinmu shida na aiki da su. Kin san Bihi, ɗan Hammu mai alfadari. Yana nan da ransa, haƙori biyu, baki kuwa cikakke. Kullum yana zaune a bakin shagon shayi yana kallon dutsen. Ya ce mu da diga mun kwashe rabin kogon nan a shekara biyar, su da digirinsu a shekara uku ba su kai gwiwa ba, in an ba su kabari su tona sai mamacin ya gaji ya tashi ya koma gida.

Ni kuwa, tsohon malami ba ya rasa son a nuna masa abu. Na riƙa hawa da sandata ina zama a inuwa. Dakta Nazha ta nuna mini murhun mutanen, toka a kan toka, kamar yadda Inna ke jera burodi. Ta zuba mini wasu ƙananan katantanwar teku a tafin hannu, kowace da huda, an shafe su da jar ƙasa, bakin hudar ya yi sumul saboda gogar zare. Ta ce abin wuya ne, ya haura shekara dubu ɗari. Na ce ta rage wani abu, ni malamin lissafi ne. Ta yi dariya ta ce in ta rage ma ba zan ji sauƙi ba. Na tsaya ina juya su. Daga kogon zuwa teku tafiyar yini ce cur. Wato wani ya yi wannan tafiyar ya dawo don kawai wata ta sa abu a wuya a ce ya yi mata kyau. Na ce da ita, ai waɗannan mutanenmu ne, har wautar iri ɗaya.

Bana, can ƙuryar hagu inda rufin ke sauka, suka tarar da mutum. Yana kwance a gefensa, gwiwoyi a naɗe, akwai haƙarƙari, akwai hannu, akwai muƙamuƙin ƙasa da haƙoransa. Kai ne babu. Daidai inda kan ya kamata ya kasance, wani rami ya yanko daga sama ya ratsa duk tokar, irin ramin da diga ke yi. A gindin ramin, maƙale a tsagar dutse, suka ciro wani guntun ƙarfe mai tsatsa kamar babban yatsa. Dakta Nazha ta sauko shagon shayi da shi a 'yar leda, ta yi sallama, ta tambayi dattawa ko akwai wanda ya san wanda ya taɓa haƙa a wannan ƙuryar. Sai Bihi ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Ke 'yar nan, kin sha wahalar banza! Kan da kike nema shekara sittin yana kwance a maƙabarta ana yi masa addu'a. Ga ɗan mai aikin nan, malam mai gilashi, tambaye shi, shi da ya ce mu duka maƙaryata ne." Na ce masa ya sha shayinsa, tsufa ya fara taɓa shi. Ya ce, "Ni tsufa ya taɓa, kai boko ya taɓa, a ga wanda zai warke."

Na dawo gida raina a ɓace, ban ci abincin rana ba. Rƙiya ta ce in dai Bihi ne ya hana ni cin kuskus to ya yi mata gata, ta huta da wanke kwano ɗaya. Ina zaune sai zuciyata ta kai ni ɗakin ajiya. Kin san digar nan mai karyayyen baki da ke rataye bayan tulun mai? Wadda Baba ya hana a kai wa maƙeri, ya kuma hana a yar? Na sauko da ita, na ɓoye a cikin jallabiya kamar ɓarawo, na hau dutsen da rana tsaka, ina hutawa kowane taku ashirin. Na ajiye ta a kan teburinsu. Dakta Nazha ta sa safar hannu, ta ɗauko guntun ta kara a karyayyen bakin digar. Lalla Ijja, ya zauna daram. Ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Na cire gilashina na goge, na mayar, yana nan dai yadda yake. Sai na nemi dutse na zauna.

Ta zauna kusa da ni ta ce in ba ta labarin. Na ba ta yadda na ji, ina jin kunya, ina jira ta ce jahilci ya ɓata musu aiki. Ta ce a gaskiya diga ta yi ɓarna, ba za ta ɓoye mini ba. Amma ta ce a wurare da yawa da aka tono irin wannan, wasu sun jefar, wasu sun sayar wa baƙi, wani ma ya ajiye a kan kanta yana zuba ƙusoshi a ciki. Ba ta taɓa jin inda aka yi wa mutumin salla ba. Ta tambaye ni ko Baba ya san tsufan abin. Na ce ina zai sani? Ya ɗauka wani makiyayi ne ko matafiyi da ya mutu ba kowa kusa. Ya ga goshi da ramin ido irin namu, bai tambayi garinsu ko addininsu ba, ya ce ɗan Adam ne, ba a barin ɗan Adam a cikin kashin awaki.

Yanzu ga inda maganar ta cije. Kin san ƙananan kaburbura biyun nan da ke gefen na Baba, ɗaya ta wajen magarya, ɗaya ta wajen hanya. Tsawonsu ɗaya, duwatsunsu iri ɗaya, babu rubutu, yadda muke yi. Ɗaya na Mbarak ne, ƙanenmu da bai kai wata huɗu ba. Ɗayan, duk rayuwata na ɗauka wani ɓari ne Inna ta yi, abin da ɗa ba ya tambayar uwarsa. Kowace Ashura tana ɗaukar buta ta yayyafa wa duka biyun ruwa daidai wa daida, ta raba busasshen ɓaure sadaka a bakin ƙofar maƙabarta, ni ina biye da ita riƙe da kwandon, har na yi gemu ban tambaya ba. Ashe ɗayan baƙon Baba ne. Amma wanne?

Takardar izinin tona kabarin baƙon ta zo daga sama. Dattawa sun zauna a masallaci sau biyu. Liman na yanzu yaro ne mai hankali, ya ce mayar wa mutum kansa ba wulaƙanci ba ne, amma da sharaɗi ɗaya: ba za a taɓa kabarin jaririn ba. Wani ya tambaya ko sallar da aka yi wa mutumin ta karɓu, tunda ya riga Annabinmu zuwa duniya da nisa. Liman ya ce littafin karɓa da ƙi ba a hannunsa yake ba, yana wurin Allah. Samari na so a tona, suna cewa za a yi mana kwalta, a kawo baƙi, sunan ƙauye ya shiga talabijin. An kawo wata na'ura da ake turawa kamar amalanke, wai tana ganin cikin ƙasa. Ta yi kai da kawo yini guda, ta nuna ramuka biyu, girmansu ɗaya. Bihi ya ce da an ba shi kuɗin hayarta da ya faɗi haka yana zaune.

Shi Bihin ne kaɗai ya rage a ƙauyen cikin waɗanda suka ga jana'izar, wai shi ya riƙe butar. Ranar Talata ya rantse da kabarin ubansa na wajen magarya ne baƙon. Ranar Alhamis ya rantse da kabarin uwarsa na wajen hanya ne. Da na tuna masa, ya ce ai ya danganta da ta inda mutum ya shigo. Muƙaddam, wakilin hukuma a ƙauyen, ya ce masu binciken za su tattara kafin ruwan farko, don haka an ba gidanmu wa'adi zuwa Juma'ar ƙarshe ta watan gobe. In ba mu faɗa ba, za a ɗauki maganar Bihi a matsayin shaidan gani da ido, duk wadda ta zo bakinsa ranar. Dakta Nazha ba ta so haka ba, ta faɗa mini da kanta, amma ita ma akwai na sama da ita. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini a kan abu ɗaya: a ɗaga dutse, a ga ɗan likkafanin Mbarak. Yaron da bai san komai na duniya ba sai nonon Inna, a tashe shi bayan shekara sittin saboda ƙwaƙwalwar Bihi.

Ba zan ɓoye miki ra'ayina ba. Wata rana ina ganin a mayar wa bawan Allah kansa, Baba ya raba shi da jikinsa ba da niyya ba, wataƙila shi ya sa ya kasa yar da digar. Wata rana kuma in tuna na tambayi Dakta Nazha inda za a kai shi, ta ce mini gaskiya, akwati ne mai lamba a wani ɗaki mai sanyi a Rabat, inda ba mai yayyafa masa ruwa ranar Ashura. Sai in ji kamar za mu kori baƙon da iyayenmu suka sauke. Ke ce babba, ke kika riƙe allurar. In kin tuna wanne ne, faɗa mini, in kai su da kaina in tsaya a kan na Mbarak har su gama. In kin tuna amma kin ga a bar su duka, ko kuma abin ya shige miki, shi ma faɗa mini. Zan ɗauki darduma da sandata in zauna tsakanin kaburburan biyu ranar Juma'ar, in ga wanda zai ɗaga tsohon da ya koya wa muƙaddam da rabin samarin nan jadawalin sau. Amma gwiwoyina ba za su yi wannan kowace shekara ba, shi ya sa na fi son gaskiyar. Kada ki yi gaggawa, kada kuma ki faɗi abin da zai faranta mini. Ki rufe ido ki tsaya a ƙofar maƙabarta kina kallon dutsen, ki ga inda Inna ke fara zuba ruwa. Ki sa Silya ta rubuta inda baƙon yake, kalma ɗaya, magarya ko hanya, ta turo wa Brahim a waya.

Ki gaida Hasan da matarsa Zaina, ki ce masa maganin idon ya iso, na gode. Ki gaida Silya mai karatu, Allah ya ba ta haƙurin rubutuna, da Yunis da ƙaramin da ban gani ba tukuna. Rƙiya na gaishe ki, ta ce man argan ɗinki na nan a rufe. Brahim da matarsa na gaishe ki. Bihi ma ya ce a gaishe ki, wai har yanzu yana jin haushin dutsen da kika jefe shi da shi a bakin rijiya.

Saura abu ɗaya, na bar shi ƙarshe don na rasa yadda zan fara shi. Za ki ce yaya aka yi ina zaune a gidan nan duk shekarun nan ban sani ba. An faɗa mini, Lalla Ijja. Bayan matan argan, bayan yara, bayan Bihi, an ƙara ba ni labarin sau ɗaya, shekara goma sha tara da suka wuce, da la'asar, a gindin ɓauren nan, ina ɓare rumman a kwano. An ba ni shi tiryan-tiryan: rawanin, ruwan ɗumin, ɗinkinki da ya karkace. An ce kwana tara bayan nan zazzaɓi ya ɗauke Mbarak, aka roƙi Baba ya sa shi kusa da baƙon, don dattijo ne, ya san kaɗaici, zai kula da yaro. Har hannu aka ɗaga aka nuna mini, wannan ta nan, wancan ta can, aka ce in riƙe don wata rana. Ni kuma na ɗauka zafin ciwo ne ke magana. Na ce to, to, na miƙa rumman. Ina iya gaya miki launin kallabin, ina iya gaya miki akwai ƙuda a bakin kwanon. Inda hannun ya nuna ne ban duba ba.

Inna ce, kwana shida kafin ta rasu.

Ƙanenki,
Iddir